Ƙafafun Tsohuwa da Ruwan Hita

Tunda kin ce ke kunya ba ta barinki ki yi musu da mai gyara a gaban mijinki, to zauna in ba ki misali, ki riƙe shi da kyau.

Wata mata ce a Jos, garin da sanyin safiya ke shiga har cikin ƙashi, tana riƙe da mahaifiyarta. Ciwon suga ya kashe wa tsohuwar jin ƙafa. Ko ƙaya ta taka, sai dai wani ya ga jini a tabarma ya faɗa mata. Ga ta kuma da taurin kai, ba ta yarda kowa ya yi mata alwala. Da kanta take jan jiki zuwa banɗaki, ta zauna a 'yar kujerarta, ta miƙa ƙafafu ƙarƙashin famfo, ta murɗa. Ruwan ɗumin daga hita yake zuwa, irin mai tankin nan da ake maƙalawa a bango. Rannan sai hita ta daina ɗumi. Maigida ya kawo mai gyaran wuta, ya kwance murfi, ya zaro wani ɗan abu mai tsinin ƙarfe, ya ce wannan ne ya mutu. Tamostat suke ce masa, shi ke yanke wuta in ruwa ya yi zafin da ya isa. Sabo babu a gari, sai an aiko daga Kano. Amma, in ji shi, ba sai an jira ba, zai haɗa wayoyin kai tsaye yadda ya yi wa maƙwabtansu, yau ɗin nan a yi wanka. Matar ta tambaya, to wa zai riƙa kashe ta? Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, masu wuta mana! Yaushe rabon da su bar mana ita har ruwa ya tafasa?" Maigida ma ya dara. Ita kuwa ba ta san komai a kan waya ba, ƙafafun uwarta kawai ta sani. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, mayar da murfinka. Ba a gidan nan ba."

Daga nan fa ta ga ta kanta. Maigida ya ce ta tsinka shi a gaban baƙo, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta sai da hanci. Maƙwabciya, wadda aka haɗa wa tata kai tsaye, ta laƙaba mata suna injiniya, in sun haɗu a wajen shanya sai ta ce, "Injiniya, an tashi lafiya? Yau ma gawayi?" Gawayin kuwa shi ne. Kullum kafin gari ya waye tana tsugune tana fifita wuta, hayaƙi na cin idonta, hannuwa duk sun yi kaushi. Ta dafa ruwa, ta surka, ta tsoma gwiwar hannu ta ji, sannan ta zuba a buta. Tsohuwar da ake yi dominta ma ba ta gode ba, mita take yi wai an mayar da ita ƙauye, ita famfonta take so. Maƙwabciya ta ce a riƙa kawo Inna ta yi alwala a nasu banɗakin, ruwa na nan har ya yi yawa. Nan ma ta ce a'a. Wani lokacin in ta kwanta sai zuciyarta ta ce, anya ba tsoro ne kawai ya yi miki yawa ba? Kowa a layin nan haka yake yi, wa ya mutu? Da safe sai ta tashi ta sake hura gawayinta.

Ana nan sai wata rana masu wuta suka manta da su. Aka kawo ta tun safe, aka wuni, aka kwana, gari ya sake wayewa ba ta ko ƙifta ba. Unguwa ta ɗauki murna, masu guga na guga, masu firji na daskarar da zoɓo. Ba wanda ya tuna da tankin da ke bango yana ta shan wuta babu mai ce masa ya isa. Da azahar maƙwabciya ta shiga alwala, ta tara hannu, ta murɗa famfo. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, tururi ne da tafasa. Ihunta har bakin titi. Matar nan ce ta fara isa, ta riƙe mata hannun cikin ruwan sanyi har aka samo mota, tana kallon fatar ta saɓule kamar ta dafaffen tumatir. Wannan fa mai lafiya ce, da ta ji zafi ta fizge nan take.

Ta dawo gida, ta leƙa banɗaki. Ga tsohuwa zaune a kujerarta, ta miƙa ƙafafu ƙarƙashin famfo yadda ta saba, ta murɗe shi har ƙarshe, ruwan sanyi na zuba a kansu, tana ta mita ita kaɗai. Matar ta durƙusa, ta ɗauki ƙafafun nan ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, ko tabo babu.

Kin ji shi. Da muguwar rawa, gara ƙin tashi.