Ledar da Aka Ɗaura wa Na'urar Hayaƙi

Tagar ɗakin Mai Guga tana kallon bayan wani dogon bene mai ofisoshi, kuma daidai saitin tagar aka fito da bututun hayaƙin janaretansu. Ba a kai shi gaba ba, inda masu motoci ke shiga. Baya aka juyo da shi, inda talaka ke kwana.

Wanki da guga ne sana'arta, shi ya sa sunan ya bi ta. Farar riga in ta shanya, kafin ta bushe ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, sai an sake ɗauraya. Wannan duk mai sauƙi ne. Mijinta tsohon direba ne da ciwon ƙafa ya zaunar, a ɗakin nan yake yini yana shaƙa. Tari ya fara masa kamar wasa, har ya zamo ba ya iya ƙarasa magana sai ya huta.

"Malam, tarin nan naka ya fara fin injin ƙara," in ji ta.

"To je ki gaya wa manajan benen, ya zaɓi wanda zai yi shiru a cikinmu."

Ta je ɗin, ba sau ɗaya ba. Kullum a bakin ƙofa ake tsayar da ita, wai manaja yana taro.

Ana nan sai hukumar birni ta fito da sabon tsari. Kowane babban gini za a auna wutar da yake sha, da man da yake ƙonawa, da hayaƙin da yake fitarwa, a sa a taswirar da kowa zai iya buɗewa a wayarsa. Ginin da ya fito kore lafiya lau. Wanda ya fito ja dole ya gyara, ko a kashe masa inji.

Wasu ma'aikata biyu suka zo da tsani, suka kafa wani ɗan farin akwati mai huda-huda a bangonta.

"Mama, kayan hukuma ne. A kula da shi, kar a bari ya lalace."

Iyakar bayaninsu ke nan, jama'a. Suka ɗauki hoto, suka naɗe tsani, suka tafi.

Ba a jima ba akwatin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Hankalin Mai Guga ya tashi. Amana aka ba ta, kuma ita a rayuwarta ba ta taɓa mayar wa mutum kayansa da datti ba. Ta taka benci, ta goge shi tas, ta ɗauko ledar da take sa gugaggun kayan mutane ta lulluɓe shi, ta ɗaure bakin da ƙyalle.

Malam yana kallo ta taga. "Ni mai tari ba ki rufe ni ba, sai akwatin hukuma."

"Kai in ka yi datti wa zai tuhume ni?"

Da sakamako ya fito, 'yarsu ta zo gaishe su, ta buɗe taswirar a wayarta. Benen ya fito kore shar.

"Inna, wai iskar layin nan ta fi ta cikin lambu kyau."

Suka tafi ofishin hukuma, uwa da 'ya. Jami'in ya juyo musu fuskar kwamfuta ba tare da ya ɗago kai ba. "Mama, ba ki da hujja. Na'urar da ke bangonki ce ta ba da shaida." Bai tambaye ta komai ba. Bai turo kowa ya leƙa ba. Manaja kuwa har allo ya kafa a ƙofar bene, wai gininsu mai kula da muhalli ne.

Damina ba ta fita ba aka kwantar da Malam a asibiti. Likita ya tambaya tun yaushe yake shan taba. Mutumin da ko ashana bai taɓa ƙyasta wa sigari ba. A can Allah ya yi masa rasuwa.

Tana cikin takaba ɗaya daga ma'aikatan nan ya dawo cire akwatinsu. Ya hau tsani, sai ya tsaya cak.

"Wa ya rufe wannan?"

"Ni ce, ɗana. Duba ka gani, ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

Ya kwance ledar. "Mama, ai na'urar nan hayaƙin take shaƙa ta gaya mana yawansa. Kin toshe mata hanci."

Mai Guga ta zauna a ƙasa, a nan bakin rariya. Ta ce, "To mayar da ita. Zan bar ta ta yi baƙi."

Ya ce an rufe awo, sai wani zagaye, kuma bai san yaushe ba. Ya sa akwatin a jaka.

Har yau tana cewa da hannunta ta wanke waɗanda suka cuci mijinta. Ƙarya ne, ba ita kaɗai ba ce. Wanda ya kafa abu a bangon tsohuwa bai buɗe baki ya ce mata ga aikinsa ba, yana da kaso. Wanda mace ta zo masa da kuka ya nuna mata kwamfuta, yana da kaso. Janareta na nan yana aiki, kuma akwai masu goyo a layin.

A dawo da na'urar, a sake awo, a ɗaga bututun nan sama. Ba alfarma ake roƙo ba.

Jama'a, duk abin da aka kafa a bangonku, ku tambayi aikinsa kafin mai tsani ya sauko. Ku kuma ma'aikata, awon da ba ku fahimtar da mutanen da ake yi dominsu ba, shaidar zur zai zama a kansu.