Tarin Kaka a Tsakiyar Kogi

"Harshen da aka binne ba a tono shi da kaset," in ji yayan. "To kawo fartanya, Yaya, ni dai kaset na samu," in ji ƙanwar. Wata uku ke nan suna wannan ja-in-ja a wani ƙauyen 'yan asalin Ostareliya, inda harshensu na Warrgamay ya mutu ya bar su da Turanci. Abin da ya rage musu kaset ne guda mai muryar marigayiya kakarsu, shi ma ya fara cin zare. Ƙanwar kuwa gwanar kwaikwayo ce, in ta ari muryarka har karen gidanku sai ya kaɗa mata wutsiya. Ta rantse sai ta kwashe abin da ke cikin kaset ɗin ta zuba a bakin mutane kafin ya tsinke. Ta haddace shi tsaf, ko numfashi ba ta bari ba. Ashe ranar da aka ɗauki muryar, tari ya sarƙe tsohuwa a tsakiyar kalmar kogi, ƙanwar kuma ta ɗauka haka kalmar take.

Ran nan ta tara mata goma sha biyu a inuwa tana biya musu, duk wadda ta zo kan kalmar kogi sai ta yi tari, sai ka ce layin asibiti. Sai ga gwaggon ƙanwar tana dogara sanda. Tun tana yarinya aka zane ta a makaranta saboda harshen, ta kulle bakinta shekara saba'in, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ta manta. Ta tsaya, ta saurara, haushi ya turnuƙe ta. "Ke 'yar nan, wannan tarin tabar uwata ne, ba kogi ba." Ta faɗi kalmar daidai. Daga kogi ta faɗa kifi, daga kifi ta hau kwalekwale, har rana ta yi sanyi tana zubowa, ƙanwar tana cafewa. Ba duka harshen ya dawo ba, amma abin da ya fito ranar bai sake komawa ba. Yayan, da ya zo don ya yi dariya, ya gyara murya ya ce, "Ni dai a bar mini tarin nan, shi kaɗai na iya."

Da ƙanwar ta jira sai ta iya daidai kafin ta buɗe baki, da an binne gwaggo da kogin a cikinta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, da babu gara ba daɗi.