Kifin da Na'ura Ta Kasa Ganewa

Tun da teku ta iso Lakwaja aka kafa doka: kwalekwale ba ya taɓa gaɓa sai na'urar bakin ruwa ta faɗi sunan kifin da ke ciki. Wai ba ta kuskure. Kwana uku ke nan Barau yana kan ruwa da wani shak, ƙaton kifin teku, da ta kasa ganewa.

Daga gaɓa matarsa Kulu ta miƙa masa tuwo a bakin doguwar gora. "Malam, jefar da shi mana, ya fara wari."

"Jefarwa ɗauri ce. Kuma na san shi, mai baƙin fiffike ne, ba a hana kama shi ba."

"To, gaya mata."

"Ai ba ta tambaya, Kulu."

Ta janye gorar da sauri, don mata huɗu na bayanta suna jiran aro, su ma mazajensu na kan ruwa.