Fitilar da Aka Zura a Rijiya

Ranka ya daɗe, ka hana tsohuwar ɗalibata shaidar mallakar na'urar da ta ƙera, wadda ke kuka idan hayaƙin janareta ya cika ɗaki. Ka ce ai batir ne da waya da ƙararrawa, kowane mai gyaran rediyo zai iya kawo wannan dabara. Ni na yi koyarwa har na ajiye alli, ban taɓa soke amsar yaro ban duba yadda ya kai gare ta ba. Saurari misali.

An yi wani gari da rijiyarsa ke cin mutane. Da rana tsaka mai yasa zai shiga yana waƙa, sai waƙar ta yanke a tsakiyar baiti. Ba ihu, ba ƙarar faɗuwa. A jawo igiya a same shi idanu buɗe, ko ƙwarzane babu. Aka yi sadaka, rijiya ba ta daina ba. Sai ga wani baƙo. Kafin ya shiga yakan kunna aci-balbal ya zura ta da igiya, ya durƙusa yana leƙe. Wata rana ya shiga, wata rana ya naɗe igiyarsa ya ƙi. Haka har ya gama yasa lafiya lau. Da ya nemi a naɗa shi sarkin rijiya, mai gari, wanda daga gindin tsamiya yake hangen aikin, ya yi dariya ya ce, "Wa ya rasa sanin duhu haske yake so?" Baƙo ya bar garin.

Shekara ta zagayo, ƙanen mai gari ya ce shi ma ya ga yadda ake yi. Ya zura tocila, tun da ta fi haske, ya bi bayanta yana waƙa. Waƙar ta yanke. Ashe baƙon ba hanya yake haskawa ba, harshen wutar yake kallo: idan ya mutu, iskar ƙasan ta lalace, mai shiga ma ba zai fito ba. Tocila kuwa ba ruwanta da numfashi. Bayan an jawo gawa, tocilar ta kwana biyu tana ci a ƙasa, duk wanda ya leƙa sai ya ga kamar ido ne ke kallonsa.

Kai ma daga gindin tsamiya ka yanke hukunci. Ka kira ɗalibar, ka tambaye ta abin da na'urarta ke kallo, sannan ka sake dubawa. Ba alfarma nake roƙo ba, haƙƙinta ne. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba.