Fankar Rumfa Ranar Suna

Tunda ka ce akwai abin da ranka bai kwanta da shi ba amma kana jin nauyin faɗa, zauna in ba ka misali.

An yi wata mata, matar wani direban babbar mota, da ke zaune da surukinta, tsoho ne makaho. Da bazara ta tsananta ɗaki ya gagari tsohon, sai ɗan nasa ya kafa masa rumfar kwano a tsakar gida, ya rataya fankar sama a katakon tsakiya, ya ɗaure ta da waya da hannunsa, ya kama hanyar Kudu. Rumfar ta zama wurin hutun kowa. A nan ake cin abinci, a nan tsohon yake wuni a kan buzunsa yana jan carbi. Rannan da hantsi matar tana shara, sai tsohon ya ce, "'Yar nan, kukan fankar nan ya canza. Saurara ki ji." Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Da farko iska kawai ta ji. Can sai ta tsinkayi wani ɗan ƙas, ƙas, a ƙarƙashin iskar, kamar ana karya kara a nesa. Ta duba inda ta share, ta ga ɓurɓushin ƙasa da garin katako daidai saitin fankar. Ta buga wa mijin waya, ya yi dariya ya ce ɗaurin hannunsa ne, kuma kada wani ƙato ya shigar masa gida ya hau rumfa sai ya dawo. Ta ja buzun tsohon zuwa gefe, ta riƙa kashe fankar, amma duk wanda zafi ya koro sai ya kunna. Tun daga ranar, da an kawo wuta yara su yi murna, ita kuwa ta ɗaga kai tana duban katakon. Ko tana bakin murhu, kunnenta yana rumfa. Kullum da safe ta share garin, kullum ta tarar ya fi na jiya.

Ana cikin haka ƙanwar mijin, wadda ta zo gida haihuwa, ta sauka lafiya, ranar suna ta zagayo. Tsohon ya koma zaure wurin maza, mata suka cika rumfar maƙil, mai jego a tsakiya da jaririyarta a cinya, daidai ƙarƙashin fankar. Bayan azahar aka kawo wuta. Yayar mijin, mace mai kaifin baki wadda duk dangi ke shakka, ita ce zaune a jikin ginshiƙin da makunnin yake, ta miƙa hannu ta murɗa shi zuwa ƙarshe. Matar gidan tana zuba tuwo a kwanuka lokacin da ta ji. Duk da hayaniya da guɗa, ƙarar nan ta iso kunnenta, kuma ba ƙas, ƙas ba ce yanzu, wani nishi ne mai tsawo. Ta ɗaga kai ta ga kan fankar yana lilo, katakon yana ɗan lanƙwasa yana komawa. Ta ajiye marar tuwon. Ta ratsa mutane ta durƙusa gaban yayar mijin ta ce, "Yaya, don Allah a kashe, katakon nan ba shi da lafiya." Yayar ta dube ta sama da ƙasa ta ce iskar ma rowarta za a yi wa baƙi, ta gyara zama ta rufe makunnin da bayanta. Mata suka zuba mata ido. Matar ta san gobe sunanta zai zaga dangi, ta san kuma abin da mijinta zai ce in ya ji. Sai ta juya, ta sunkuya ta ɗauke jaririyar daga cinyar uwarta, ta nufi gindin darbejiyar da ke can ƙarshen gida ba ta waiwaya ba. Mai jego ta tashi ta bi 'yarta. Masu jiran a miƙo musu jaririya su gani suka bi, sauran suka bi don ganin ƙwaf. Yayar mijin ce ta tashi a ƙarshe, tana tafe tana zazzaga faɗa.

Yayar ba ta kai rabin tsakar gida ba katakon ya karye. Fankar ta rufto tana juyi, fiffike ɗaya ya tsarge tabarmar da mai jego ta tashi a kai, wani ya daki kular abinci ya ɓarke ta, miya ta fantsama har jikin katanga. Da maza suka shigo aka duba katakon, sai aka ga bayansa ne kawai ya rage, gara ta cinye cikinsa ta cika shi da ƙasa. Matar tana zaune dirshan a gindin bishiya, ta ƙanƙame jaririyar. An daɗe ana lallashinta kafin hannuwanta su iya sakin yarinyar. Yayar mijin ta je randa ta ɗebo ruwa a moɗa, ta durƙusa, ta riƙe mata har ta sha.

To, ka ji. Abin da ya dame ka, je ka faɗe shi yau, ko za a yi maka dariya. Bahaushe ya ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.