Koren da ke Jikin Baƙar Mota

Soso na uku Madubi yake shanyawa a kan igiya lokacin da baƙar motar ta kutso garejin. Shi ya raɗa wa kansa wannan suna, don a cewarsa duk motar da ta bi ta ƙarƙashin injin gogensa, mace na iya tsayawa a gabanta ta sa kwalli. Ranar a bas ya zo aiki, matarsa ta karɓe makullin motarsa za ta kai kaya shago, shi ya sa tun safe yake neman wanda zai huce a kansa.

Mai motar ya fito, mutum tsaf-tsaf, gaisuwa har da rusunawa. Ya nuna gefen dama. Daga ƙofar gaba har tayar baya wani koren fenti ya shafu a kan baƙin, dogon layi kamar an ja da alli. Ya ce ƙofar gidansa ya goga wajen fitowa, motar kuma ta yayansa ce, yana so a cire kafin ƙarfe biyu.

Mai Fenti, wanda rumfarsa ke manne da ta Madubi, ya taso ya durƙusa. Ya kankari koren da farce, ya daɗe yana juya shi a rana.

"Madubi, dakata. Wannan koren..."

"Na sani. Ba ya fita sai an sake fenti. Kai ko tsuntsu ne ya yi wa mota kashi, fenti za ka ce."

"Ba shi zan ce ba."

"To riƙe abinka sai na gama."

Makanikai suka fara taruwa, shi kuwa Madubi da ya ga jama'a bakinsa ba ya da birki. Ya ɗaga injin sama ya rantse cewa in aka sami kore ko kamar kan allura a jikin motar nan, ya bar wa Mai Fenti injin kyauta, shi ya koma wankin mota da bokiti. Injin nan da shi yake ci, da shi yake sha, kuma ba shi da wani. Mai Fenti ya ɗaga kafaɗa, ya jawo benci ya zauna.

Aka tura motar inuwa, domin fenti mai zafi ba ya son inji. Madubi ya wanke gefen, ya manna tef a bakin roba da hannun ƙofa. Ya ɗaura soso mai kaushi, ya ɗiga masa man goge sau huɗu, ya baza a hankali, sannan ya ƙara wuta. Koren ya fara barin ƙofa yana hawa soso. Duk taku biyu sai ya kashe inji ya karce soson da burushi, don soso in ya toshe, maimakon gyara, zane yake yi.

"Yallaɓai, wanda ya fenta maka ƙofar gida ya san aiki," in ji Madubi. "Wannan ai fentin mota ne, mai kyau ma."

Mutumin ya yi 'yar dariya, ya share goshi, ya dubi bakin titi.

A gefen ƙofar baya aikin ya cije. Wurin kaifi ne, fenti ba kauri, kuma koren ya shige sosai. In ya danna, ya cinye baƙin har farin ƙasa ya leƙo. In ya sassauta, injinsa ya tafi. Ya taɓa ƙarfen da bayan hannu, ya ji ɗumi. Ya jira wurin ya huce, ya sauya ƙaramin soso, ya riƙa bi kamar mai aske jariri. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sau uku yana komawa kafin koren ya saki.

Ya bi da soso mai laushi, ya share da ƙyalle, ya miƙa wa makanikai tocila. Suka duba tsaye, suka duba kwance, wani har da leƙa ƙarƙashin ƙofa. Babu kore, babu zane. Mai motar bai ko tsaya kallon fuskarsa a jikin ƙofar ba, ya sallami Madubi, ya yi godiya sau biyu, ya fice. Kowa sheƙin yake kallo, ba wanda ya kalli lambar motar.

Madubi yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: soso ba ya bushewa da datti. Nan take ya jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ya matsa da tafin hannu, ban da murɗawa, ya sake ruwa har sau uku. Koren ruwa ya gangara kwata ya wuce. Ya ɗauko soson fari fat ya kai shi har hancin Mai Fenti.

"Malam, yanzu faɗi abin da ke cinka."

"Cewa zan yi na san koren. Da hannuna na haɗa shi."

Ya nuna bakin gareji da haɓa. Koriyar motar Madubi ce ke shigowa a hankali, fitila a fashe, gefen hagu a kwarzane har ƙarfe. Matar Madubi ta fito daga ciki tana gyara mayafi.

"Maigida, kwantar da hankalinka," ta ce. "Wani mai baƙar mota ne ya goge ta a ƙofar shago ya gudu, amma 'yan sanda sun ce kama shi ba wuya, ai rabin korenmu yana jikin motarsa."