Akwatin Tambaya na Ranar Laraba

Takarda ta huɗu ta fito daga akwatin tambaya, kuma tun kafin a warware ta tela ya kafa mata ido.

Shekara goma sha tara shi ke koyar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba. Akwatin ma shi ya sa kafinta ya ƙera, don mai jin nauyi ya jefa tambayarsa ba suna. A zamaninsa abin da ake jefawa bai wuce ko ya halatta a yi wanki ranar Lahadi ba. Sai aka turo ƙaramin fasto, ɗanye shar daga makarantar tauhidi, da tabarau da murya irin ta mai lallashin jariri. Dattawan ikilisiya suka raba ajin, mako ɗaya tela, mako ɗaya fasto.

Abin da ya tsaya wa tela a rai shi ne manyan tambayoyi ba sa zuwa sai a makon fasto. Ta farko ta ce, in an yi haske a yini na farko, ba a kuwa halicci rana ba sai a yini na huɗu, da me aka ƙirga yini ukun? Ta biyu ta ce, ɗan farin mutumin farko, bayan ya kashe ƙanensa, ina ya samo mata? Ta uku ta tambayi dalilin da babi ɗaya ya sa dabbobi kafin mutum, na gaba kuma kamar ya juya lissafin. Tela ya taɓe baki. Tsofaffin tambayoyi ne, kafin a kai ƙarshen kowacce ya san inda za ta tsaya.

Fasto yana da wata ɗabi'a. Zai karanta takardar a ransa, ya ninke ta gida huɗu, ya cusa aljihun gaba, sannan ya kwafi tambayar a allo da hannunsa. Wani wurin ya yi bayani dalla-dalla, wani wurin ya ce kai tsaye, "Wannan ban sani ba." Tela bai taɓa furta wannan magana a gaban aji ba, ga shi wani ya furta har ana gyaɗa masa kai. Benci biyu aka ƙaro.

Da ma a nan abin ya tsaya da sauƙi. Matar tela, wadda shekara da shekaru take zama bakin ƙofa tana gyangyaɗi, ta koma layin gaba. Washegari kuma sai ta biyo shi shago. Da ma tun da gara ta shiga akwatin ƙarfensa, matar ta kwashe tsofaffin littattafan awo ta kai gida, ba ta da wani aiki a can. Amma za ta zauna kan kujerar masu jiran ɗinki ta maimaita masa bayanin fasto daga farko.

"Baban yara, ka saurara da kyau kuwa? Amsar ta kwanta maka?"

Shi kuwa sai ya ƙara danna keken ɗinki don kada ya ji. Kishi ne tsagwaronsa, ya kuma san kishi ne. Shekara talatin da ɗaya da aure, ba ta taɓa maimaita masa kalma ɗaya daga darasinsa ba.

A kan keken nan ya gano bakin zaren, a ganinsa. Wa ke ninke takarda yana ɓoyewa? Wa ke samun tambayar da ta yi daidai da karatunsa? Yaron nan shi ke rubuta abinsa, ya jefa, ya ciro, ya amsa, a ce masa gwani. Ya kai maganar ga shugaban dattawa, ya roƙe shi ya halarci aji.

Yau ga shugaban a zaune. Fasto ya rubuta a allo: littattafan nan da wasu ikilisiyoyi ke karantawa wasu ba sa karantawa, wa ya zauna ya ce wannan ya shiga, wancan ya tsaya a waje?

Tela ya miƙe. "Kafin a amsa, a nuna mana takardar."

Matarsa ta juyo, fuskarta ta sauya. "Baban yara, don Allah zauna."

Wannan roƙon ya ƙara masa wuta. Har kare shi take yi! Ya ɗaga murya ya ce duk hannun da ya rubuta irin wannan shakka bai cancanci ya sake riƙe alli a gaban ajin nan ba, ko hannun wane ne. Ya nemi shugaba ya amince a gaban kowa. Shugaba ya amince.

Fasto ya dafe aljihunsa. "Baba, mu yi maganar nan mu biyu, a ofis."

"A nan za mu yi ta."

"Baba, kullum ina ganin rajistar ajin da kake cikawa. Ina roƙonka."

Tela bai tsaya neman ma'anar wannan magana ba. Ya taka zuwa gaba, ya zare takardar daga aljihun da yatsa biyu kamar yadda yake zare allura, ya ɗaga ta sama don na baya su gani, sannan ya warware.

Takardar ta yi ja don tsufa, gara ta ci gefenta, shafi ne daga littattafan awon da matarsa ta kai gida. Rubutunsa ne, na lokacin yana saurayi, a ƙasan tambayar kuma ga awon rigar auren matarsa.